Hausar da ta Dawo Bakin Tsohuwar Rusaifa

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a wani lungu da mota ba ta shiga. Mahaifina ma haifaffen Makka ne, tasi yake ja. Kakata ce, mahaifiyarsa, ta taso daga Kano tana yarinya cikin ayarin alhazai, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan akori-kura, tafiyar da ta ɗauke su shekaru. A gidanmu ita kaɗai ke yin Hausa zalla. Mu jikoki muna ji sarai, amma da Larabci muke ba ta amsa, sai fa in muna son wani abu a hannunta.

Ina da shekara goma sha shida a lokacin, ina sakandaren 'yan mata. Babu abin da nake ɓoyewa irin Hausar nan. Fata dai ba ta ɓoyuwa, duk wanda ya kalle ni ya san cikin Takarna nake, kamar yadda Larabawan Makka ke kiran mu. Wani in ya faɗi kalmar ba ya nufin komai, wani kuwa in ya faɗe ta sai ka ji kamar ruwan wanke-wanke ya watsa maka. Lokacin tara, ba wanda ya taɓa nuna mana wurin zama, amma kullum mu baƙaƙe muna gindin katanga, farare suna ƙarƙashin rumfa. In aka tambaye ni ko ina jin yaren kakannina, sai in ce ko kalma ɗaya ban sani ba.

Akwai wata yarinya 'yar Rusaifa, unguwar masu hali, da malama ta haɗa mu benci ɗaya. Fara ce sol, mai yawan dariya. A aji ƙawaye ne mu, muna aron biro da littafi, muna gulmar malamai. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, ban taɓa zuwa nasu ba, kuma ba wadda ta taɓa yi wa wata tayi.

Wata safiya ta ja ni bayan ɗakin gwaje-gwaje, ta zaro waya daga cikin safarta, domin an hana shigowa da ita makaranta. Ta ce kakarta ta wajen uwa ta samu shanyewar ɓarin jiki. Tun da ta farfaɗo Larabci ya ɓace mata, sai wata magana take yi da ba mai ganewa. An kawo mai ruƙiyya har sau uku. Wata nas Basudaniya a asibiti ta ce yaren Takarna ne, kawunta, babban ɗan tsohuwar, ya yi wa nas ɗin faɗa har sai da ta ba da haƙuri.

"Na san kin ce ba kya ji," in ji ƙawata. "Amma saurara, ko za ki tsinci wani abu."

Ta kunna muryar kakar da ta naɗo, ta kara mini wayar a kunne. Wata siririyar murya, mai rawa, ta ce, "Yaya, ku jira ni. Ƙaya ta soke ni. Ku ce wa Inna ta tsaya."

Hausa ce irin ta kakata, har da yadda take jan ƙarshen magana. Zan iya miƙa mata wayar in ce ban gane ba, shekara uku ina wannan ƙaryar. Amma muryar ta sake cewa, "Ku jira ni mana," kamar ta yarinya ƙarama da aka bari a baya. Na fassara wa ƙawata. Ta daɗe tana kallona, ban san ko ƙaryata take tunani ba ko kakarta.

Da la'asar na sami kakata a tsakar gida tana ƙulla kuka da daddawa a leda, kayan da take kasawa a bakin titin unguwarmu. Na zauna na ba ta labari, da Hausa, abin da na daɗe ban yi ba. Ba ta ɗago ba sai da na ambaci Rusaifa.

"Mijinta ba shi ne yake da shagon yadi a unguwar Misfala ba, tun kafin a faɗaɗa Harami?"

Na ce na ji ƙawata ta taɓa faɗin haka.

Ta ajiye ledar da ke hannunta. "Ashe tana raye."

Ta ce ita da kakar ƙawata ayari ɗaya suka taso, suna yara. Uwar yarinyar Bafulatana ce fara, uban kuma ya rasu tun kafin su ƙetare ƙasar Cadi. Kakata ta girme ta da shekara uku, ita ke riƙe mata hannu a hanya, ita ke cire mata ƙaya, shi ya sa take ce mata Yaya. Uwar ta rasu a Sawakin, a bakin tekun Sudan, suna jiran jirgin ruwa. Da suka iso Makka, mutanen ayari suka kafa ɗakunan kwano a bayan gari kamar sauran Takarna, wata Balarabiya da ba ta taɓa haihuwa ba ta ɗauki marainiyar aikin gida. Cikin shekara biyu Larabcinta ya fi na 'yan gari. Da aka zo rubuta mutane a ba su takardar zama 'yan ƙasa, matar ta rubuta ta a matsayin 'yarta. Daga nan ba ta ƙara takowa unguwar kwano ba.

Na ce, "Kaka, duk shekarun nan kin san inda take?"

"Duk wadda ta kai shekaruna a unguwar nan ta sani. Sau nawa kafaɗata ta gogi tata a wajen ɗawafi. Ta kalle ni, in kalle ta, kowa ya wuce."

"Ba ki taɓa gaishe ta ba?"

"In na gaishe ta a gaban dangin mijinta, wa zai auri 'ya'yanta?"

Na tambaye ta ko ba ta ji haushi ba. Ta ce ta ji, ta daɗe tana ji, musamman lokacin zafi, suna gasuwa cikin kwano ita tana gida mai fanka. Sai da ta haifi nata, ta ga yadda ake kallonsu a layin asibiti, sannan haushin ya sake ta.

Na zauna ina kallon hannuwanta da suka yi baƙi da daddawa. Na san tsofaffin unguwarmu, ba abin da ke kwana a cikinsu. In akuyar wani ta haihu da safe, kafin azahar Hindawiyya ta ji. Amma su ɗin nan, su da yawa, sun riƙe magana ɗaya fiye da shekara hamsin, ba wanda ya roƙe su, ba wanda ya gode musu, saboda yarinyar da ta daina amsa sallamarsu. Ban taɓa zaton akwai abu mai girman haka a lungunmu ba.

Mahaifiyar ƙawata ce ta aiko a zo, ranar Alhamis da hantsi, lokacin da yayanta yake shago. Kakata ta dama kunun tsamiya ta zuba a filas, ta sa abayarta ta zuwa Harami. Babana ya kai mu a tasinsa, ya ce zai jira a ƙarshen layi. Da muka buga ƙofa, 'yar aikin gidan ta dube mu, ta nuna mana ƙofar kicin. Kakata ta bi ta nan. A can mahaifiyar ƙawata ta tarar da mu tsakanin tukwane, kunya ta rufe ta, ta kama hannun kakata ta kai mu sama.

Tsohuwar tana kwance a wani faffaɗan gado, 'yar mitsitsiya, fara kamar ɓararren rogo, gefen bakinta ya karkace. Duk wanda ya gan ta zai rantse kakanninta ba su taɓa barin Hijaz ba. Kakata ta zauna a bakin gadon.

"Salamu alaikum. Sannu, ƙanwata. Ya jikin?"

Idanun tsohuwar suka yi yawo a fuskar kakata, a hankali, kamar mai karatu.

"Yaya," ta ce. "Kun jira ni?"

"Mun jira ki. Ga ni nan."

"Ina Inna?"

"Inna ta riga mu isa. Tana hutawa."

Tsohuwar ta sauke numfashi, ta miƙo hannun da ke motsi. Kakata ta riƙe. Sai suka shiga hirar hanya. Wannan ta ce Fallomi, waccan ta ce Abashe. Suka tuna rijiyar da guga ya faɗa, da gonar audugar da suka yi wa aiki damina biyu a ƙasar Sudan, da wani raƙumi mai cizo. Inda kakata ta manta, tsohuwar ce ke tuna mata. Matar da ta kasa faɗin sunan cokali da Larabci, ga ta tana jero garuruwa ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe. Ni ina tsugune a ƙasa tsakanin ƙawata da mahaifiyarta, ina juya musu maganar cikin raɗa. Wasu kalmomin ban san su ba, sai in tsallake. Har yau ina jin takaicin waɗanda na tsallake.

Mahaifiyar ƙawata ta taɓa kafaɗata. "Ce wa kakarki ta tambaye ta, ta san ni kuwa?"

Kakata ta nuna ta. "Wace ce wannan?"

"'Yata ce, ta biyu," in ji tsohuwar. "Tana jaririya, banɗaki nake shiga da ita in kunna famfo, sannan in yi mata wasa da Hausa. Kada a ji."

Na fassara. Matar ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta kifa fuska a kan ƙafafun uwarta. Ba ta yi ƙara ba, bayanta kawai ke motsi.

Ana kiran azahar kawun ya shigo. Dogo ne, da farar riga mai guga. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli kakata, ya kalle ni, ya tambayi ƙanwarsa wa ya kawo waɗannan. Kafin ta amsa, tsohuwar ta ɗaga yatsa ta ce, "Kai, gai da yayata." Duk ɗakin aka juyo gare ni. Na faɗa masa da Larabci. Sai ya juya ya sauka. Kakata ta ci gaba da ba ƙanwarta kunu da cokali, har ta shanye rabin kofi, abin da aka ce ba ta yi ba tun da ta kwanta.

Wata huɗu muna zuwa duk Alhamis. Daga baya wasu tsofaffin unguwarmu suka riƙa bin mu, bibbiyu, kowacce da ɗan abin da ta dafa. Ba wadda ta taɓa ce mata don me kika guje mu. Hira suke yi kamar jiya suka rabu.

Ta rasu kafin azumi. An yi mata salla a Harami bayan la'asar. A zaman makoki kakata da ƙawayenta suka zauna cikin matan Larabawa. Na ji wata baƙuwa ta tambayi mahaifiyar ƙawata su wane ne waɗannan, ta ce maƙwabtan mahaifiyarta ne na dā. Na ji zafin amsar. A mota na faɗa wa kakata, ta ce ai ba ƙarya ta yi ba, kuma tana da 'ya'ya mata uku da ba su yi aure ba.

Ƙawata ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa a makaranta. Ban faɗa ba, shi ya sa ma a nan ban kama sunan kowa ba. Mun ci gaba da zama benci ɗaya har muka gama. Wani lokaci takan rubuto mini kalma a gefen littafi da baƙaƙen Larabci, cikin waɗanda ta ji a bakin kakarta, in rubuta mata ma'anar a ƙasa.

Bayan sallar layya, wata ranar da ba makaranta, ina taya kakata zama a wurin kasa kayanta, sai wata babbar mota ta tsaya a tsallaken titi. Kawun ne. Ya tsallako cikin rana, ya tsaya a gaban tabarmar, mutane suna ratsa shi. Ya yi sallama, kakata ta amsa. Ya dube ni ya ce in tambaye ta, wane gari ne asalin mahaifiyarsa.

Kakata ta faɗi sunan wani ƙauye a gabashin Kano. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba. Ta sake faɗa masa a hankali. Ya tambayi sunan uban mahaifiyarsa, ta faɗa. Ya tambayi na uwar, ta faɗa, ta ƙara da cewa a Sawakin kabarinta yake, kusa da bakin ruwa, kuma ita da idonta ta ga an binne ta. Ya ciro takarda daga aljihu ya rubuta duka ukun. Da ya gama ya ninke ta, sai ya durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi, da farar rigarsa, ya sumbaci kan kakata kamar yadda 'yan Makka ke yi wa iyayensu.

Da motarsa ta tafi, maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa ta leƙo ta tambayi kakata wane ne wannan Balaraben.

"Ɗan ƙanwata ne," in ji kakata. Ta miƙo mini leda ta ce in ƙulla wa mai jiran kuɓewa busasshiya.