Neman Murfin Babur a Riruwai

Mu tara ne a ƙungiyar, kuma babu wanda babur ɗinsa bai haura shekara goma sha biyu ba. A ƙarshen shekarun tamanin ke nan, lokacin da sabon babur ya zama sai dai mutum ya je Kano ya kalla ya dawo gida. Namu duk tsofaffin baburan Japan ne da suka shigo tun muna samari. Ni ina koyarwa a firamare a Kiru, nawa ja ne mai salansa biyu, na gaje shi daga wan mahaifina. Duk Asabar da hantsi muke haɗuwa a Bebeji, a gindin tsamiya, gaban rumfar bakaniken da shi ma ɗan ƙungiya ne. A wanke babura, a goge, a yi musun wanda ƙarar injinsa ta fi daɗin ji. In ana suna ko ɗaurin aure a Ƙofa ko Tudun Wada, mu jeru mu tafi tare.

Shugabanmu tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya, dogo, mai farin gemu, ba ya dariya sai ya ga dama. Babur ɗinsa baƙi ne, ya girmi na kowa, irinsa ya daina shigowa tun da daɗewa. Dokarmu ta farko ita ce ba a wuce Shugaba a hanya. Wanda ya wuce shi, shi zai wanke baburan nan tara ranar Asabar mai zuwa. Shi kuwa tafiya yake kamar yana ɗauke da kwandon ƙwai.

Abu ɗaya ne ke damun sa a duniya: murfin gefen hagu na babur ɗin ya faɗi a wani rafi shekarun baya, ba a gan shi ba. Bakanike ya yanko langa-langa ya lanƙwasa, ya shafa baƙin fenti ya ɗaura. Daga nesa ba ka ganewa, amma shi ya sani. Ko ina muka je, sai ya jingina ɓangaren hagu da katanga. Ranar da muka ɗauki hoto, a hagu ya tsaya, ya baza babbar riga ta rufe wurin.

Wata Asabar da kaka, wani dattijon Bafulatani da Shugaba ya taɓa yi wa magani ya biyo da shanunsa, ya tsaya gaisuwa. Ya daɗe yana kallon baƙin babur ɗin, sannan ya ce, “Malam, na ga ƙanin wannan a Riruwai. A zauren wani tsoho da ya yi aikin kuza. Ya daɗe bai tashi ba.”

Shugaba ya gyara zama. “Da murfinsa?”

“Ni dai na ga baƙi ne, kuma kaji na son sa.”

Asabar ta gaba, bayan sallar asuba, muka kama hanya. Bakanike ya ɗaure jakar kayan aiki a baya. Na ƙarshe a layi shi ne telan Ƙofa, a kan roba-robarsa, ƙaramin babur ɗin nan marar kuloci da ake ce wa na mata. Shugaba ya daɗe yana cewa don zumunci kawai aka karɓi tela, amma wannan abu nasa keken ɗinki ne da aka sa wa taya. Tela ba ya fushi. Yakan ce, “Ranka ya daɗe, keken ɗinkin dai bai taɓa kwana a hanya ba.”

Muka sha shayi a Tudun Wada, muka shiga dajin Falgore. Dawa ta nuna a gonakin bakin hanya, ciyawa ta fara ja. A wata kwana muka tarar da garken gwaggon biri sun baje a kan kwalta. Shugaba ya tsaya ya yi hon. Babban cikinsu ya dube shi, ya sosa ciki, bai motsa ba. Mu kuma doka ta hana mu wucewa, sai muka tsaya a bayansa muna kallon dattawa biyu suna kallon juna. Bakanike ne ya murza nasa mai hayaƙi da ƙarfi, sannan suka watse.

Bayan Doguwa hanya ta fara hawa. Duwatsu suka taso ta ko'ina, iska ta yi sanyi. Kafin azahar muka shiga Riruwai, ƙugu ya riƙe, kowa na tafiya a wawware. Ba mu sha wahalar tambaya ba, da muka ce tsoho mai babur aka nuna mana gidan.

Yana zaune a kan buzu a ƙofar zaure, ɗan ƙaramin mutum, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Kafin mu gama sallama ya ɗaga hannu.

“Wanda ya fara tsayawa, nasa irin nawa ne. Amma mai ya yi masa yawa.”

Bakanike ya dube ni. Sati uku yana faɗa wa Shugaba haka, ba ya ji.

Muka durƙusa muka gaishe shi, surukinsa ya kawo tabarmi da fura. Ya ce shekara ashirin da wani abu yana kula da injin jan ruwa a ramin kuza. Da kuɗin aikin ya sayi babur ɗin sabo. Da aiki ya tsaya, ido kuma ya fara tafiya, sai ya tura shi zaure ya jingine. Shekara takwas ke nan.

Muka leƙa. Yana nan a kusurwa, an rataye faifai da ludayi a hannunsa, an ɗora buhun barkono a kan kujera, kaza na kwance a ƙarƙashin inji. Shugaba bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zagayawa ya yi ta hagu, ya sa gefen rigarsa ya share. Murfi na nan, har da rubutunsa mai ruwan azurfa.

Ya dawo ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye: zumunci, nisan hanya, yadda tsofaffin kaya suka fi na yanzu. Tsoho ya bar shi ya gama.

“Malam, ka zo neman wani abu a jikinsa ne. Masu zuwa duk haka suke farawa. Ba na sayar da ko kusa ɗaya. Amma tunda Allah ya kawo ku da mai gyara, ku tayar mini da shi in ji muryarsa. Sau ɗaya ma ya isa.”

Fuskar Shugaba ta sauya, amma ya ce, “An gama, Baba.”

Matar tsohon ta fito ta kwashe faifanta tana mita. Ta ce shekara takwas abin nan yana mata amfani, yanzu mun zo za mu mayar da shi babur. Kazar ma ba ta tashi da daɗin rai ba, ta sari tela a hannu.

Bayan mun yi azahar muka fito da shi inuwar mangwaro. Ni aka ba wankin tanki. Tela ya yi faci, ya hura tayoyi. Wani ya zaro gidan zanzaro daga cikin salansa da tsinken waya. Bakanike ya zuba sabon baƙin mai, ya sa fulogi, ya ɗauko batirin wani. Da ya kwance kafireta sai ya jujjuya ta a hannu. Ya ɗaga ta sama, muka hango rana ta cikinta. Tsatsa ta huda ta wuri biyu.

“Wannan ta gama aiki,” in ji shi. “Kuma tamu duk ba ta shiga. Sai dai…” Bai ƙarasa ba. Mu ma ba wanda ya dubi Shugaba, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Shugaba ya yi gyaran murya. “Aro ne. A ji ƙara, a mayar mini da abata.”

Aka kwance tasa aka ɗaura. Bakanike ya buga kik har ya jiƙe da gumi, babu labari. Muka tura shi gangare sau uku, ya yi tari ya mutu. Tsoho na zaune ya karkata kunne.

“Ba haka ake masa ba,” ya ce. “Ku kawo ni.”

Muka riƙe shi ya hau. Ya laluba ƙarƙashin tanki ya murɗa wani abu, ya karkata babur ɗin dama, ya ɗan jira, ya yi bisimilla, ya taka kik a hankali kamar mai taka matakala. Inji ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe, ɓawon gyaɗa da ƙasar zanzaro suka yi ta fitowa daga salansa, kaji suka tsallake katanga. Bayan ɗan lokaci ƙarar ta daidaita, ta koma ƙasa-ƙasa mai kauri. Tsoho ya ɗora tafin hannu a kan tanki, ya bar shi nan. Matarsa da ke bakin zaure ta ja mayafi ta koma ciki.

Can ya ce, “Wa zai kai ni bakin tsohon rami?”

Ni aka zaɓa, wai na fi kowa sanyin hannu. Na hau babur ɗin nasa, ya zauna bayana ya riƙe kafaɗata. Ban san garin ba, shi kuwa ba ya gani, amma shi ke faɗa mini hanya. “Akwai dutse a dama. Sassauta, nan ruwa ke cin hanya. Yanzu sa ta uku, kada ka ji masa tausayi.” Wuri ɗaya kawai ya kuskure, inda ya ce in miƙe, alhali wani ya gina shago. Na gaya masa. Ya ce ai ba a nemi shawararsa ba. Mutane suka fito suna ɗaga masa hannu, ina faɗa masa, yana amsawa ta inda ba kowa. A bakin ramin, wanda ya cika da ruwa kore shar, ya ce kada in kashe inji. Muka ɗan tsaya, muka juyo.

Da muka dawo, bakanike ya ɗauko sifana zai kwance kafireta. Tsoho na jin ƙarar ƙarfe ya sauke hannunsa daga tanki, ya ce, “To, na gode. Allah ya yi muku albarka.”

Shugaba ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce wa bakanike, “Bar ta.”

“Ranka ya daɗe, da me za ka koma?”

“Na ce ka bar ta. Surukinsa ya iya tuƙi, zai riƙa kai shi masallacin Juma'a.”

Sai tsoho ya nemi a ba shi sukundireba. Da lalube ya kwance murfin hagu, ya miƙa ta inda ya ji muryar Shugaba.

“Wannan ka zo nema. Na ji lokacin da ka share shi. Ba ni na langa-langan, ni ba gani nake ba.”

Haka babur ɗin Shugaba ya cika cif a karon farko cikin shekaru, ba abin da ya rasa sai tafiya. Muka kwana a garin. Da safe aka ɗora babur ɗin a motar rake mai zuwa Kano, direban ya yarda zai sauke shi a Kwanar Ɗangora. Saura wanda zai ɗauki Shugaba. Nawa kujerar baya ta yage, na bakanike cike da kaya, sauran kuma kowa ya kawo uzurinsa, don mun riga mun haɗa baki tun a masallaci. Tela ya turo roba-roba, ya kakkaɓe mata kujera da hularsa.

“Bisimilla, ranka ya daɗe. A yi haƙuri da keken ɗinki.”

Ya hau, gwiwoyinsa sun kusa kai kunnen tela. A kowane hawa sai ta yi kuka ta rage gudu har mai keke ya wuce mu, mu bakwai muna biye, ba mai ikon wucewa. A wani tudu kafin Doguwa ya sauka ya taka da ƙafa, mu ma duk muka sauka muka tura namu. Ko sau ɗaya bai juyo ba. Sai a Tudun Wada, muna cin tsire, ya ce wa tela, “Ba laifi. Tana da haƙuri.” Tela ya ce a maimaita, bakanike bai ji ba. Ba a maimaita ba.

Sai da aka yi sati bakwai kafin bakanike ya samo wata kafireta a wurin masu tsofaffin kaya a Kano. A tsakanin nan Shugaba a motar haya yake zuwa taro. Tsohon kuwa ya ƙara shekara uku ana kai shi masallaci a bayan surukinsa, muna kai masa ziyara duk kaka, har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar Litinin bayan tafiyar, a tsaye na koyar tun safe har aka tashi, don zama ya gagara. Hedimasta ya leƙo ta taga sau biyu. Da muka taru a ofis ya yaba mini a gaban sauran malamai, ya ce haka ake son malami, ba ya kusantar kujera. Na karɓi yabon, na yi godiya.