Hannun da Baba Jibi Ya Bari Babu Waya

Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye a ɗakin taswira 'yarka ta kira ni ta ce ka cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar na zauna.

A ofishin tsara layukan lantarki Baba Jibi muke ce maka, don ba ka maganar yau. A tambaye ka wutar unguwa, sai ka kawo zancen shekara ashirin masu zuwa. Muna dariya a bayan idonka, kana sane, ka ƙyale mu.

Abin da aka fi yi maka tsiya a kai shi ne babban layin arewa. Ka dage kowane turken ƙarfe a yi masa hannu biyu, a ɗaura waya a ɗaya, ɗayan a bar shi haka nan. Direbanmu ya ce turakun sai ka ce masu tsayar da mota a bakin titi.

Ni kaina, ina sabuwar injiniya, Darakta ya ce in rage aikin, na goge hannu na biyu daga zanen, ina ganin na yi bajinta. Ba ka yi mini faɗa ba. Washegari ka sa aka kai mu wani fako inda ko akuya ba ta kiwo, ka tsayar da ni da tsakar rana babu lema. Da gumi ya jiƙa mini mayafi ka ce, "'Yata, wannan ranar da ke gasa ki wuta ce. Randa aka kama ta, ta ina za ta bi ta shiga gari?"

Wallahi kunyar ta fi ranar zafi. Na mayar da hannun, ka shiga wurin Darakta ka ce kai ka sa ni, don kada laifin ya hau kaina. Shekara uku aka hana ka ƙarin girma. Ba ka taɓa faɗa mini ba, a bakin masinja na ji.

Shekara goma sha shida hannun nan yana shan iska. Yau fakon ya cika da farantan sola, ana jan waya a kan abin da aka yi wa dariya. Ba a sake yanka gonar kowa ba, ba a rushe gidan kowa ba, don hanya tana nan tun tuni. Saura kwana tara a kunna ka tafi.

Da na zo duba ka a asibiti, hawaye ya ci amanata, na ce ina tsoron ba za ka ga ranar ba. Ka yi murmushi ka ce, "Da don in gani na yi, ai da na tsara na shekara biyu. Layin kudu fa?" Na sunkuyar da kai na gaya maka kwamiti na so a yi shi da hannu ɗaya, kuma ni ce zan amince da zanen. Ka dube ni kawai.

Baba, ranar Alhamis kwamitin zai zauna. Wutar da za ta bi hannu na biyu a layin kudu sai nan da shekara ashirin, lokacin na bar aiki, ƙila ma na biyo ka. Zanen da zan kai musu mai hannu biyu ne. Ko su karɓa, ko su nemi wata injiniya, kuma yanzu babu wanda zai shiga ya ce shi ya sa ni.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Hajiya uwargidanka, da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.