Daga Cibiya Zuwa Gwiwa

Duk shekarun da na yi ina ɗinki a ɗakina na unguwar Cheras, ban taɓa yanka wa yaro kaya daidai jikinsa ba. Kowace uwa ta san doka: a saki, a bar kalmasa mai faɗi, zai girma a ciki. Sai ga tufar da ba ta san wannan doka ba ta shigo mini gida.

Ɗana na fari ne ya jawo ta. A Kuala Lumpur ya tashi, tunda karatun babansa ya kawo mu. Yaro ne shiru-shiru, bai taɓa nacewa a kan abu ba sai da ya shiga ƙungiyar masu busa ta makarantarsu, masu algaitar nan mai jaka da ake matsewa a hammata. Duk mai fita fareti da su sai ya ɗaura kilt, zanen mazan Sikotlan mai tattara a baya. Da ya kawo hoto, babansa ya ce, "Siket? Ɗan nawa?" Na yi ta lallashinsa kafin ya yarda, bisa sharaɗin sai ya rufe gwiwa.

Ranar awo tare muka je. Malamin busar, wani dattijo Ba'indiye, ya sa yaron ya durƙusa, ya ɗora tef a cibiyarsa ya sauke har ƙasa. Ya ce daga cibiya kilt yake farawa, a tsakiyar ƙoƙon gwiwa yake tsayawa. Maigidana ya ce ai mu ma daga cibiya zuwa gwiwa ne al'aurar namiji, a ƙara kaɗan dai. Suka yi dariya, suka daidaita a kan ƙarin yatsa biyu. Ni kuwa na ce a bar masa kalmasa, yaro ne mai tasowa.

"Tak boleh lah, madam," in ji malamin, wato ba zai yiwu ba. Kilt ba shi da kalmasa, bakin saƙar yadin shi ne ƙasansa.

Kilt ya iso, yaro ya gwada, ya zauna masa ɗas. Kafin ranar fareti korona ta zo aka kulle gari.

A ɗan ƙuntataccen gidanmu ya ci gaba da koyo ta waya, yana busa ƙaramar sarewar gwaji har maƙwabta suna buga mana bango. Ba makaranta, ba fita, sai ci da barci, sai ya dinga tsawo kamar ana jan sa. Ina ganin wandunansa suna gudu daga idon sawu, ina tuna kilt ɗin nan marar kalmasa.

Da aka sassauta, makaranta ta sa ranar fareti. Shi ne na farko a gare shi kuma na ƙarshe, domin babansa ya gama karatu, muna shirin komawa gida. Ya ɗauko kilt ya ɗaura. Gwiwoyi duka a waje, har da ɗan abin da ke sama da su.

Malamin ya gani ta waya ya ce ya gajarce, amma zai kawar da kai. Babansa ya ce shi ba zai kawar ba.

"Haba Abban yara," na ce, "da gajeren wando yake buga ƙwallo a ƙasan benen nan, ba ka taɓa tankawa ba."

"Wannan daban. Hoto za a ɗauka, mutanenmu za su gani."

Ashe maganar mutane ce. Wallahi da tun farko haka ya faɗa, da ban ji zafin da na ji ba.

Na ɗaura takunkumi na hau mota zuwa Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu sayar da yadi. Shaguna da yawa a rufe, na bi waɗanda suka rage ina kara gefen kilt ɗin a jikin yadi, har na sami mai kama. Na yi masa ƙari a ƙasa, na bi kowace tattara da allura, na danne da guga. Babansa ya duba ya ce madalla. Malamin ya ɗaga shi a haske, ya shafa wurin haɗin ya girgiza kai. "Madam, wannan ya tashi daga kilt." Ya ce ba zai sa yaron a layi da sauran ba. Na ce to in warware? Maigidana ya ce in na warware yaro ba zai fita ba. Manyan maza biyu, kowa ya kafe a kan gwiwar ɗana, ba wanda ya kalli fuskarsa.

Ranar faretin da wando ya je. Muka tsaya a bayan shinge, abokansa suka wuce suna busa, yatsunsa suna motsi a kan ƙarfen shingen suna bin waƙar. A mota babansa ya waiwayo ya ce, "Ka ga ai wando ya fi mutunci."

Na jira ya yi kuka, ko ya ɗaga murya, da na tsaya masa ko me za a yi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Abba." Ban taɓa jin ladabin da ya ƙona mini rai irin wannan ba.