Ramuka Arba'in da Uku a Makiyayar Rix

Kwalin ya iso ranar Talata, tsakiyar watan Yuli, kuma tun daga ranar Walter Gotts bai sake zama wuri ɗaya ya shanye kofin shayi ba.

'Yarsa ce ta aiko masa daga Leeds: sabuwar na'urar gano ƙarfen da ke binne a ƙasa. Tsohuwar tasa ta mutu tun watan Afrilu, bayan shekara goma sha tara tana gurnani a kunnensa. Ya buɗe cikinta ya rufe ya fi sau goma, ya lallashe ta, ya zage ta, ko uffan. Sabuwar kuwa ba nauyi ko kaɗan, ga wani ɗan allo a jikin mariƙinta yana nuna lambobi, ga littafin bayani mai kauri wanda Walter ya karanta shafi uku ya wurgar a kan kujera.

Duk ƙauyen nan namu na Norfolk ba wanda bai san Walter ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana raba wasiƙu, da keke tukuna, daga baya a 'yar jar mota. Mutum ne da ko layin sayen burodi ya shiga sai ka ga yana sauya ƙafa yana leƙen agogo, alhali ba inda za shi. Matarsa Noreen takan ce ranar aurensu ma sai da limamin coci ya yi masa raɗa ya daina karkaɗa gwiwa. Abu ɗaya ne tak a duniya yake sa Walter tafiya a hankali, wato gonar da aka gama girbewa, na'ura a hannu, kai a sunkuye. A haka ya tara maɓallan rigunan mutanen da, da ƙararrawar wuyan tumaki, da kwabban Rumawa da tsatsa ta cinye fuskokinsu, da gwangwanin giya da ba su ƙirguwa.

To amma na'ura kowa ma zai iya saye. Gona ce abin wahala, don sai mai ita ya yarda da kai. Walter ya samu tasa yardar ne shekara talatin da huɗu da suka wuce, a bakin shingen tsoho Hubert Rix, ba takarda ba shaida, musafaha kawai. Hubert ya ce masa, "Duk ramin da ka haƙa ka mayar da shi yadda ka same shi. Abin da ka tono, ko ƙusa ce, ina so in gan shi a kan teburin kicin ɗina. Makiyayar bayan coci kuwa, kada shebur ɗinka ya taɓa ta sai ƙasa ta sha ruwan Nuwamba ta ƙoshi." Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan ka yanki ciyawa da saiwarta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ka mayar, cikin mako ta kama. Idan ka yi haka da rani, mutuwa take yi.

Hubert ya rasu, 'yarsa Bridget ta riƙe gonar. Ita ce ma ta ba Walter mabuɗin kwaɗon ƙofar shinge, ta ce ya daina tsallakawa da tsufansa kafin wandonsa ya yage. A ƙungiyar masu tono, wannan mabuɗin ya fi motar kowa daraja. Mutane nawa suka saya masa giya don ya tafi da su sau ɗaya? Ya sha giyar, ya yi godiya, ya tafi shi kaɗai.

Matsalar sabuwar na'urar ita ce ta zo da wuri. Alkamar Bridget na tsaye, saura mako uku a yanke. Sama kuwa ta yi mako bakwai ba ko ɗigo.

Ranar farko ya gwada ta a falo. Ya jera tsofaffin kwabbai a kan darduma yana wuce musu da faifan na'urar. Tsohuwar gurnani ɗaya ta sani, ko zinariya ko murfin kwalba. Wannan kuwa kowane ƙarfe da muryarsa: baƙin ƙarfe ƙasa-ƙasa, tagulla tsaka-tsaki, azurfa wani siririn sauti mai daɗi har cikin haƙori. Ya roƙi Noreen ta ara masa zobenta.

"Ba zan cire ba. Shekara arba'in da shida bai fita ba, sai yau don wannan sandar?"

"To miƙo hannun kawai."

Ta miƙa tana tsaki. Na'urar ta yi kuka, Walter ya yi dariya kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Rana ta biyu ya fita bayan gida. Duk inda ya taka sai ta yi ƙara. Ya haƙa, babu. Ya matsa gaba, ƙara, ya haƙa, babu. Ya kusa awa guda yana tsine wa waɗanda suka ƙera ta kafin Noreen ta leƙo ta taga.

"Walter, wane takalmi ne a ƙafarka?"

Ya duba. Takalmin aikin lambu ne mai ƙarfe a baki. Ƙafarsa yake ta bi tun ɗazu.

"Kada ki gaya wa kowa."

"Ni? Haba dai. Sai mai kanti kawai, da matar limami."

Zuwa ƙarshen mako ya gama da bayan gidan kaf. Ƙusoshi goma sha ɗaya, cokali ɗaya, da tushen furen Noreen da ya raunata ya yi shiru da bakinsa. Abin da ya hana shi sukuni shi ne zurfi. Cokalin nan ya fi taƙi ɗaya da rabi a ƙasa, wurin da ya bi da tsohuwar na'urar ya fi sau ɗari ba ta ce komai ba. To ke nan me ke kwance a makiyayar bayan coci, inda kasuwar ƙauyen take ci a zamanin da? Shekara talatin da huɗu yana takawa a kansa kamar kurma! Ya tashi ya zauna. Ya wanke mota sau biyu. Ya je ya tsaya a bakin gonar alkama ya murza zangarniya a tafin hannu, ya ciji ƙwayar, da sauran laushi. Noreen ta ce in bai bar zarya tsakanin ƙofa da taga ba za ta ɗaure shi a ƙafar tebur.

Ranar Alhamis Bridget ta ɗauki raguna ta tafi baje kolin dabbobi na kwana biyu. Walter ya ga wucewar motarta.

Ba don ya haƙa ya je makiyayar ba, haka ya gaya wa kansa, kuma na yarda har ransa haka yake nufi. Saurare kawai zai yi. Shebur ɗin ma ai kullum yana bayan mota. Ya buɗe kwaɗo, ya shiga, ciyawar tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Taku bakwai ya yi, siririn sautin nan ya soki kunnensa. Ya sake wucewa ta gefe. Yana nan, tsaf, ba gargada.

Rami ɗaya dai. Ɗaya ba zai kashe kowa ba.

Maɓalli ne. Na biyu dalma ce. Na tara kuwa, da ya farfasa busasshiyar ƙasar da yatsa, sai ga 'yar azurfa siririya irin ta kuɗin mutanen da, ba ta fi farcen babban yatsa ba, da kan wani sarki mai rawanin ƙarfe, idanunsa ƙuru-ƙuru kamar jiya aka buga ta. Irinta yake nema tun yana da baƙin gashi. Ya saka ta a gwangwanin taba. Daga nan kuma kada ka tambaye ni, don shi kansa bai san yadda rana ta karkata ba. Kowane rami ya mayar da ƙasarsa, ya ɗora ciyawar, ya danna da diddige. Da ya waiwaya daga bakin ƙofa, wallahi ba abin da ido zai gani.

Kwana huɗu aka yi ba abin da ido zai gani. Walter bai ci abincin kirki ba. Azurfar tana cikin gwangwanin taba a aljihunsa, ya kasa nuna wa Noreen, ya kasa kai wa Bridget, don tambayar farko da za ta yi ita ce a ina.

Ranar Talata da safe waya ta yi ƙara.

"Kawu Walter, kana gida? Zo makiyaya yanzu. Zo ka ga abin da 'yan banza suka yi mana."

Ya same ta tsaye hannu a ƙugu, fuskarta ja wur. Makiyayar ta cika da tabo zagaye-zagaye, ruwan ƙasa, kowanne kamar faifan tuwo. Ciyawar ta mutu ta ƙanƙance, hankaki sun bi sun kifar da ita suna neman tsutsa, tumaki sun tattake sauran. Ramuka a buɗe ko'ina. Can gefe wata tunkiya tana tafiya da ƙafa uku.

"Arba'in da uku," in ji Bridget. "Na ƙirga. Ɓarayin tono ne, irin masu shigowa a sace. Sun ga ba na nan. Dubi wannan baiwar Allah, ƙafarta ta faɗa ɗaya." Ta share hanci da bayan hannu. "Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Kai shekara nawa kana jiran Nuwamba kamar mai azumi, su kuma rana ɗaya su zo su yi wannan. Zan canza kwaɗo, in yanka maka sabon mabuɗi. Kuma ka gaya wa 'yan ƙungiyarku, duk wanda na kama a nan sai ya gane kurensa."

Ba abin da ake nema daga Walter sai ya gyaɗa kai. Ita ta kawo ƙaryar da kanta, ta shimfiɗa masa, har da sabon mabuɗi a kai. Saura kwana goma a yanke alkama. Ya ji ƙafarsa ta dama tana karkaɗawa, ya danne ta da hannu.

Ya zaro gwangwanin, ya buɗe, ya ɗora a kan ginshiƙin ƙofa.

"A na tara na same ta," ya ce. "Can kusa da kwamin ruwa."

Bridget ta dubi azurfar. Ta dubi makiyayar. Ta daɗe ba ta dube shi ba, kuma da ta dube shi, gara ma da ta yi ihu.

"Da mabuɗina ka shigo?"

"Da shi."

"Ka jira na tafi."

Ya buɗe baki zai ce ba haka ba ne, na'urar ce, zurfin ne, saurare kawai ya zo yi. Duk gaskiya ne, kuma duk shirme.

"Baba yakan ce da kai da agogon coci ne kaɗai ba ya dubawa sau biyu," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Na tsaya a nan ina zagin mutanen da babu su, ina jin tausayinka. Kai, Kawu Walter. Kai!"

"Zan gyara, Bridget. Zan kawo iri da ruwa, kullum, har su kama."

"Za ka gyara, ai dole. Ta hanyar coci za ka riƙa shigowa, da ƙafa, ba na'ura." Ta miƙa tafin hannu.

Mabuɗin ya ƙi fita daga zoben makullansa. Farcen Walter ya karye yana fama da shi, ita kuwa hannunta na nan a miƙe, ba ta taimaka ba, ba ta janye ba. Da ya fita ta jefa shi a aljihun rigarta.

"Gonar alkamar fa, bayan girbi?" Bai so ya tambaya ba, bakin ne ya riga shi.

"Ban da bana."

"Baɗi?"

"Ban ce baɗi ba, ban kuma ce har abada ba. Ban sani ba." Ta juya ta nufi tunkiyar, sai ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba. "Da ka yi shiru da ban taɓa ganewa ba."

"Na sani."

Shekarar Walter saba'in da ɗaya, gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi labari. Mutum irinsa ya san girbi nawa suka rage masa a ƙafa, ba sai an yi masa lissafi ba.

An fara yankan alkama ranar Juma'ar mako na gaba, da sanyin safiya. Walter yana makiyaya a lokacin, da jarka biyu da ya ɗauko daga famfon coci, yana kan rami na goma sha shida. Ya ji tashin motar girbi a bayan shinge, ƙurar ƙaiƙayi ta taso ta sauka a hannun rigarsa. Ta ɓular shingen yana iya hango layin farko da aka share, faɗinsa da tsawonsa, ƙasa a buɗe har bakin rafi. Ya tsaya da jarka a karkace har ruwan ya cika ramin ya malalo kan takalminsa, sannan ya farga, ya matsa na goma sha bakwai.