Hitar Inna Mai Bula

Inna Mai Bula ake ce mata, domin tun tana da ƙarfin dantse wanki da guga ne sana'arta, kuma farin kaya in ya bi ta hannunta sai ya kashe ido. Gajera ce, ga baki, ga hannaye duk sabulu ya cinye. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse, aka bar ta a saman bene ita da igiyar shanya da wata tsohuwar hita mai zafafa ruwa manne a bangon banɗaki.

Marigayi ne ya sa aka kafa hitar shekarar da suka shigo gidan. Da ruwanta Inna ta fitar da maiƙo daga rigunan masu abinci, ta wanke fararen kayan ma'aikatan asibiti, ta kuma yi wa 'ya'yanta wanka, har da wanda yanzu ya ajiye tumbi yana mata iyayi.

Shi wannan mai tumbin, babban ɗanta, ya daɗe yana so ta tattara ta koma gidansa. Ya gyara mata ɗaki har da labule mai furanni. Inna ta leƙa ta ce ɗaki ya yi kyau, a ajiye wa majinyaci. Da ya ga magiya ba ta ci ba, sai ya ce, "Inna, ke da hitar nan tare kuka tsufa. Ranar da ta mutu zan kawo mota."

"Na ji," in ji ta. "Zuba mai ka zauna jira."

Hita kuwa kamar ta ji su. Ruwan da a da sai an surka, yanzu kafin Inna ta gama cuɗa ƙafa ya huce. Sai gurnani ya biyo baya, ƙwas-ƙwas kamar ana soya tsakuwa a cikinta. Mai gyaran famfo na ƙasan bene ya hau ya zubar da lakar da ta kwanta a gindin tankin, ya canza ƙarfen da ke zafafa ruwa. Ta ɗan lafa, ta dawo da sabon salo: ɗiga.

Inna ta shiga rufa wa ƙawarta asiri. In ɗan zai zo, sai ta ƙure rediyo, ta tura bokiti ƙarƙashin ɗigar ta jefa tsumma ciki, wai jiƙo ta yi. Ran nan matar ɗan ta kasa kunne ta ce, "Inna, mene ne ke gurnani haka?"

"Cikin mijinki ne, 'yar nan. Rage masa mai."

Da haka aka yi ta tafiya, har ranar da ɗan ya kawo farar rigarsa ta zuwa taro, don duk iyayinsa ya san babu mai tsayar masa da kwala kamar uwarsa. Inna ta tara ruwan zafi, ta jiƙa riga, ta tafi shara. Da ta dawo ta ɗaga, sai ga riga ta yi jaja-jaja kamar an tsoma ta a shayi. Ta buɗe famfon sanyi, ruwa garau. Ta buɗe na zafi, ja. Ba laifin bututun gari ba ne ke nan, daga cikin hitar tsatsar take fitowa.

Ta sa lemon tsami, ta murza, ta sa bula. Tabo ya ce yana nan. Da ta so, sai ta ce wani zane ne ya yi zuba, wa zai ƙaryata ta? Amma Inna ba ta taɓa mayar wa mutum da farin kaya da tabo ba, balle ta haɗa masa da ƙarya. Ta leƙa taga ta ƙwala wa mai famfo kira.

Ya hau kujera, ya goge tankin, ya bi da yatsa. "Inna, da daga bakin bututu take ɗiga, da na ɗaure miki yanzu. Wannan jikinta ne ya huje. Ga ruwan kuma yana bin bango zuwa kan wayar wuta. Wata rana kina cikin wanka..."

"Rufe min baki, uban 'yan tsoro. Ba faci?"

"Ba faci."

Ta ɗan tsaya, ta dafa gefen hitar kamar mai duba zazzaɓi. Sannan ta ce, "Kashe wutar ka sauke ta. Ka samo min sabuwa, kuma kada ka kawo min 'yar mitsitsiya irin ta gwauro."

Da ɗan ya zo karɓar riga, a ƙofar bene ya ci karo da tsohuwar hita kwance, ruwan tsatsa na tsiyaya. Ya haura da sauri yana haki, bakinsa har kunne. "Inna, ina akwatunan?" Sai ya hango sabuwar hita fara tas a bango, mai famfo yana ɗaure mata bututu.

"Haba Inna, mun fa yi alkawari."

"Na yi, na kuma karya. Kai ƙara." Ta riƙe ƙugu. "Ita waccan ta huce, ta yi gurnani, ta yi tsatsa, ta yi yoyo, kuma ba wanda ya zo ya gaya min, ni na gani na sa aka sauke ta. Ni kuwa gurnanin kaɗai gare ni, da shi aka haife ni. Ranar da na ga sauran a jikina, da bakina zan kira ka, kamar yadda na kira mai famfon nan."

Ya dubi jiƙaƙƙen bangon da ke kusa da wayar, ya dubi uwarsa. Bakin nan da ke har kunne ya dawo mazauninsa.

Ta cilla masa rigar. "Wannan ta zama ta goge mota, ni na ɓata ta. Kawo wata in nuna maka fari. Kuma tunda tsohuwa ka zo ɗauka, kada ka koma hannu sake. Ga ta can a ƙofa, kai wa 'yan gwangwan."

Shi da mai famfo suka ciccibi hitar zuwa bayan mota, Inna na taga tana ba da umarni a yi a hankali, kada a buge mata kai.