Yatsu Biyar na Malam Rabo

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Rabo mai gyaran rediyo na Ɗantutture, bayan 'yar jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Shekara arba'in muna maƙwabtaka da shi, katanga ɗaya ta raba mu.

Malam Rabo, kai ba ɗan siyasa ba ne, ko fosta ba ka taɓa liƙa wa rumfarka ba. Amma mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana murɗa akwatin rediyo don ya ji ko ya gyaru, dole labarai su zauna masa a kai. Mu a wurinmu duk wanda ya ci zaɓe sunansa Onarabul, shi ke nan. Kai ne kawai ka san wane Onarabul ne na wace ƙofa.

Idan mutum ya zo maka da kuka, sai ka ajiye sukudireba, ka ware masa hannunka na dama. Ɗan ƙaramin yatsa kansila ne, na kusa da shi ciyaman, na tsakiya ɗan majalisar jiha da ke Katsina, manuni ɗan majalisar wakilai, babban yatsa sanata. Gwamna tafin hannu, shugaban ƙasa bayan hannu, "don shi ba ka ganinsa sai ka juya." Ka san sunan kowa, da unguwarsu, da ranar da yake zuwa gida. Ban manta ranar da Kulu mai ƙosai ta ɗaura gyale za ta kai wa sanata ƙarar rumfarta da aka tayar ba. Ka ce mata, "Haba Kulu, wanga ai aikin ɗan ƙaramin yatsa ne, ga shi can gindin bishiyar bedi yana cin gyaɗa." Kafin la'asar an mayar mata da wurinta. Mutum nawa ka hutar da wahalar hanya? Kuma ko goro ba ka karɓa.

Ni kuwa sau nawa ka ce in zauna in koya, ina ce maka na tsufa da karatun yatsu.

Yanzu ga abin da ban faɗa maka ba kana da rai. Shekara biyu da suka wuce, da ruwa ya cinye kwalbatin hanyarmu ta fita gari, kai ka rubuta takardar neman a gyara, kai da dattawa kuka sa hannu, aka ba ni in kai don ni ne babba. Ka kama yatsana na tsakiya ka ce, "Alhaji Audi, namu na Kurfi za ka kai wa. A Abuja ne kujerarmu ɗaya da Dutsin-Ma, amma a Katsina kowa da nasa." Na ce na ji.

To, ni haifaffen Kutawa ne, ƙasar Dutsin-Ma, kuma Onarabul ɗin can ɗan abokina ne, a gabana ya yi rarrafe. Na ce a raina, mene ne bambancin? Onarabul ai Onarabul ne, gara wanda zai ji kunyata. Ya kuwa karɓe ni hannu bibbiyu, aka kawo fura, aka kawo nama. Da ya karanta takardar sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi nan ba mazaɓata ba ce. In na sa baki, za a ce na shiga gonar wani." Ya miƙo mini ita cikin ladabi.

Da na dawo ka tambaye ni, na ce, "Na ba Onarabul hannu da hannu." Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Takardar na sa ta ƙasan akwati, ina cewa gobe zan kai, goben ba ta zo ba. Damina biyu kana jiran amsa, kana ba mutumin da bai taɓa ganin takardar ba uzuri, kana cewa mai yiwuwa ayyuka suka yi masa yawa. Ina zaune kusa da kai ina gyaɗa kai.

Ranar da jikinka ya tsananta, mota ba ta iya shigowa gari ba. A amalanke aka kai ka bakin kwazazzabon da ruwa ya bari a wurin kwalbatin, aka tsallaka da kai a kafaɗa. Na sani kwana idan ya ƙare kwalbati ba ya ƙara shi. Amma wahalar da ka sha a wannan tsallakawa, da hannuna a ciki. Ka yafe mini, Malam Rabo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Fatu, da 'ya'yanka Jibril da Halimatu Sa'adiya, da jikoki, da duk jama'ar Ɗantutture waɗanda su ma nake neman gafararsu. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya ba iyalinka haƙuri. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya na ciro takardar, sa hannunka na nan raɗau. Ranar Litinin, in Allah Ya kai mu, zan kai ta Kurfi. Na tsakiya, Malam. Yanzu na koya.

Alhaji Audi Kutawa,
Ɗantutture.