Juwairiyya, Mai Raba Bindiga da Tsatsa

Da hantsi, in ta share tsakar gida, Juwairiyya takan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ta jawo bindigar da aka kawo mata gyara. Sai ta buɗe ta leƙa, ta tabbata babu harsashi. Sannan ta ɗiga man keken ɗinki inda tsatsa ta fara, ta bari ya jiƙa, ta bi da tsohon kwabon tagulla a hankali, ta goge da tsumma mai laushi. Wurin mijinta Bilyaminu maƙeri ta koya, kuma tun rasuwarsa duk bindigar farautar da ke ƙauyen nan na kusa da Abu Na'ama ta hannunta take bi.

Amma a ɓoye ake kawo mata. Ƙarti da gemunsu, wai kunya suke ji a ce mace ke gyara musu makami. Ba sa jin kunyar dawowa daga hawasha, wato gona, su cusa bindiga, da guminsu a jikinta, cikin buhun takin zamani, su jingine ta a ɗaki mai laima duk damina. In ta yi ja, wani ya ɗebo yashin kogi ya dirje ta sai ka ce tukunya.

Haka Muzammil manomi ya kawo tasa bara, kunamarta ko motsi ba ta yi. Juwairiyya ta gyara masa ita tsaf.

"Taki gishiri na, ɗana, ƙarhe shika ci," in ji Juwairiyya. "Shafa mata mai, ka rataye ta inda iska ka bi."

"Tamam, Gwaggo. Amma don Allah kar kowa shi ji."

"Kalas, shi ke nan. Ɗauki abinka."

Ba a jima ba kada ya cafke ƙafar Osman masunci a mashaya, a idon mata masu wanki. Muzammil ya harba, bindiga ta tashi nan take, Osman ya tsira da tabo. Aka yanka rago, aka yi ta koɗa Muzammil, shi ko yana washe baki. Ko tsoka ɗaya ba a aika gidan Juwairiyya ba, ko sunanta ba a ambata ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan butulci ne, kuma yana da ciwo.

Ke ce kika ceci Osman, Gwaggo, ko an faɗa ko an ƙi faɗa. Ta Bilyaminu, maganin sakacin maza. Tafin hannunki ya tsattsage, idonki ya fara hazo, ba ki taɓa tona asirin kowa ba.

Yanzu Hanan, 'yar Juwairiyya, za ta mayar da ita garin Mai Wurno bayan girbi. Juwairiyya ta aika har masallaci cewa mai so ya zo ta koya masa kafin ta tafi. Har yau ba wanda ya leƙo.

Mun gode, Gwaggo. Allah Ya saka miki da abin da mutane suka hana ki. Ku kuwa mazan gari, ku je ku zauna gabanta ku koya tun tana nan. Wanda girman kai ya hana shi, ya sani ranar da ya ja kunama ta ƙi, ba Juwairiyya za a yi wa makoki ba.